Ranar da Ruwan Randar Sadaka Ya Koma Shuɗi

Da Sallar da ta wuce ina zaune a zaure na ji baffanku Sabi'u yana sake ba ku labarin nan, kuna ta dariya. Wai ni, saboda girman kan boko, na ɗauki garin bula na wanki na zuba a randar sadakar kakanmu don in kunyata Baba a gaban baƙi. Shekara ashirin da wani abu ke nan yana ba da shi haka, kuma kowace shekara sai ya ƙara wani abin da ba a yi ba. Ban tanka ba ranar, don kun san ni, bakina ba ya aiki cikin taro. To ku karanta wannan, ku kuma adana shi. Ban taɓa zuba komai a randar nan ba, ko ƙwaya ɗaya.

Gidanmu na Magama yana bakin hanyar Maraɗi, kafin a kai shingen kan iyaka. Kakanmu, wanda ban riska da rai ba, shi ya kafa randa a ƙofar gida, ƙarƙashin darbejiya, ya binne gindinta cikin yashi, ya ɗaura mata moɗar duma da igiya, don duk matafiyin da ƙishi ya kama ya sha. Kafin ya rasu ya bar wasiyya kada a bari ta bushe. Baba, da yake ɗan kasuwar hatsi ne mai fita da sassafe, ba ya barin gida sai ya leƙa ya ga an cika ta. Ita kuwa Iya, mahaifiyarsa, ba ta shan wani ruwa sai na randar. Muna da tuluna a cikin gida, amma kullum da hantsi sai ta ɗauki kwanonta ta fita da kanta ta ɗebo. Ta ce ya fi sanyi, kuma ruwan da bayin Allah suka sha suka yi addu'a a kansa ba ɗaya yake da sauran ruwa ba. Shekara da shekaru haka ake yi, ba wanda ya taɓa kuka da shi.

Abin ya canza ne a shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu. Ba zan ba ku labarin siyasar lokacin ba, na bar wa masu iyawa. Abin da na gani daga zaurenmu shi ne wannan: direbobin da a da suke wucewa da gudu, yanzu da an kira salla sai su faka. Manyan motocin hatsi da na dabbobi su yi layi, 'yan dako da masu babura su taru, duk a ƙofar gidanmu, don mu ke da inuwa da ruwa. Baba ya ji daɗin abin ƙwarai. Ya sa aka share fili aka kewaye da duwatsu don salla, ya sayo butoci, ya kuma sa aka haƙa masai a bayan filin, aka yi masa daɓen siminti aka kewaye da zana. Yaya Sabi'u kuwa ya shiga cikin samarin da ke zagayawa suna tunatar da mutane salla, ya ɗage wando ya bar gemu, duk maganar da za a yi a gida sai ya ce a kawo hujja.

Ni a lokacin na gama sakandare ina jiran sakamako, burina in shiga makarantar koyon aikin lafiya. Wuni nake a zaure da littafi, ba na shiga sabgar kowa. Amma mai zama wuri ɗaya yana gani. Moɗar nan ƙarama ce, kafin ta cika buta ɗaya sai an ɗiba sau huɗu ko biyar. Mutum talatin suna jira, liman ya miƙe, wa zai tsaya bin moɗa? Sai mutum ya fito daga masai, ya tsoma butarsa gaba ɗaya cikin randa, ya ji ta yi ƙul-ƙul ta cika, ya zaro. Butar da ya ajiye a daɓen masai, gefen rami, minti ɗaya da ya wuce. Na gani sau ɗaya na ce kuskure ne. Na fara sa ido, sai na ga kusan kowa haka yake yi, har da Yaya.

Da damina ta sauka sai gudawa da amai suka shigo gidan. Iya ta yi, ta warke. Mahaifiyarmu ta yi. Ni ma na kwana biyu ina zarya. Amma wadda abin ya fi kamawa ita ce Ummi, 'yar Yaya Sabi'u ta fari, wadda aka yaye aka kai ɗakin Iya kamar yadda aka saba. Abin da Iya ta sha shi Ummi take sha. Ta yi na farko aka ce yaye ne. Ta yi na biyu aka ce haƙori ne. Na buɗe littattafaina na karanta abin da na riga na zarga: akwai ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani, suna fita cikin bayan gida, in suka sami hanyar komawa baki ta ruwa ko abinci ko hannu, sai su kama ciki da hanji, jiki ya yi ta fitar da ruwa ta sama da ta ƙasa. Babba yakan jure. Yaro ƙarami ba shi da ruwan da zai yi ta zubarwa.

Sau biyu na je gaban Baba zan yi magana, sau biyu na gaishe shi na tashi. Daga ƙarshe na yi abin da na iya, na rubuta masa takarda, shafi huɗu, har da zanen masai da buta da randa da kibiyoyi. Na kwafe ta sau uku don kada a ga gogewa. Abin da na manta shi ne Baba ba ya karanta boko sosai. Da safe bayan an sha koko sai ya miƙa wa Yaya ya ce ya karanta masa. Yaya ya gyara murya irin ta malamin makaranta, ya karanta tun daga gaisuwa har sa hannu, yana ɗaga takardar yana nuna wa maƙwabta biyu da ke zaune zanen masai. Baba bai yi dariya ba. Ya ce in ɗauko farar tasa in ɗebo ruwan randar. Na ɗebo. Ya duba, ya shinshina, ya kurɓa.

"Lawal, launinshi ya canza?"

"A'a, Baba."

"Warinshi fa?"

"A'a."

"Ɗanɗano?"

"A'a, Baba. Amma su ƙwayoyin..."

"To mi kake so da ni? Ruwan da waɗanga ukun ba su canza ba ruwa ne mai tsarki. Tun muna yara muka karanta. Ko naku littafin ya fi?"

Yaya ya ce, "Baba, bar shi. Yana son ya hana mutane alwala ne saboda abin da shi kanshi bai taɓa gani ba. Kai Malam Likita, ka taɓa ganin ƙwayar nan da idonka?"

Ban taɓa gani ba a lokacin. Ku lura, abin da Baba ya faɗa ba ƙarya ba ne. Hukuncin ruwan alwala ya faɗa, kuma malamai sun san abinsu. Sai dai ba malamin da ya ce duk ruwan da ya halatta a yi alwala da shi ba zai sa yaro gudawa ba. Baba ne ya haɗa tambaya biyu ya ba su amsa ɗaya. Yau na iya faɗin haka cikin jimla biyu. A ranar kuwa sai na koma zaure ina ta ba shi amsa a cikin raina har la'asar.

Na uku da ya kama Ummi ya fi duka. Kwana biyu tana yi. Iya ta hana a ba ta ruwa, wai duk abin da ta sha fitowa yake yi, gara a bar cikin ya huta. Yaya ya sayo kafso mai launi biyu a kemis, aka ɓare aka jiƙa aka ɗura mata, ta amayar. Rana ta uku da hantsi na shiga gaida Iya na ga yarinyar kwance a tabarma. Idanunta sun faɗa, leɓenta ya bushe, tana kuka ba hawaye. Na tambaya ko ta yi fitsari, Iya ta ce tun jiya ba ta jiƙa zane ba, har tana murna wai alamar sauƙi ce. Da zan fita sai na ga Hadiza, matar Yaya, tsaye a bayan ƙyaure. Ummi 'yarta ce ta fari, ba ta ko kiran sunanta, balle ta shiga ɗakin surukarta ta ce ga yadda za a yi. Ta yi ƙasa da murya.

"Lawal, don Allah. Kai ɗai ka ga abin da na gani."

Ban san inda na sami ƙarfin hali ba. Na koma na sunkuci yarinyar. Iya tana cewa, "Maigida, ina za ka kai mani ɗiya cikin rana?" Maigida take kirana, wasan kaka da jika. Ban juya ba. A ƙofar gida na tarar da Idi, wani ɗan dako mutumin Maraɗi da ke hutawa a inuwarmu kullum. Ya kalle ta sau ɗaya ya jefar da igiyarsa, ya tare mai babur.

"Kai, wagga sai likita. Hau, kada ka tsaya neman izini."

A ƙaramin asibitin garin muka sami wata ma'aikaciya, Malama Asabe. Ta ja fatar cikin Ummi ta saki, fatar ta tsaya a tattare ba ta koma ba. Nan take ta sa mata ruwa ta jijiya. Sannan ta juyo, ta wanke ni tas kamar ni ne maigidan.

"Wa ya ce a hana ta ruwa? Ba gudawar ke kashe su ba, bushewar ce. Abin da ya fita sai a mayar. Ko ta yi amai, a dakata kaɗan a ci gaba, cokali-cokali. Wannan kafson da kuke ɗura wa yara ba abin da yake yi a nan. Kai ɗan makaranta ne?"

"E."

"To ina amfanin karatun?"

Ta nuna mini yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari na leda da tafasasshen ruwa, ta ce a ci gaba da ba ta kunu da duk abin da za ta iya ci, a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa abincinta. Sai ta tambayi inda muke ɗibar ruwan sha. Na gaya mata komai, har butocin. Ta ajiye abin da ke hannunta.

"Saurara. Yau na iya dawo da ita. In ta koma ta sha wannan ruwan, ta sake zuwa a haka, jikin nan ba lalle ya ɗauka ba."

Kwana biyu muka yi, Ummi ta farfaɗo. Ranar da muka dawo na tafasa ruwa da kaina, na juye a tulu mai murfi, na kai ɗakin Iya na yi mata bayani a hankali. Ta saurara har da gyaɗa kai. Na fita na dawo ɗaukar hulata, sai na tarar da Ummi a cinyarta, kwanon nan na randa a bakinta.

"Iya!"

"Kai, rufa mani baki. Ruwan da aka kashe a wuta shi za ya raya mutum? Wanga na kakanka ne. Ubanka shi ya sha ya girma."

Na karɓe kwanon na zubar, abin da ban taɓa yi wa babba ba. Amma na san ba zan iya gadin tsohuwa kullum ba, sakamako zai fito in tafi. Na zauna a zaure raina yana tafasa. Na yi magana ba ta fito ba, na rubuta an yi dariya, likita ta faɗa an ce ba ta san gidanmu ba. Baba ya ce sai launi ko wari ko ɗanɗano ya canza. To shi ke nan, bari launin ya canza, amma ba da hannuna ba.

Washegari ranar kasuwa ce. Da hantsi, kafin mutane su taru, na kwashe duk garin bular da mahaifiyarmu ke sa wa fararen rigunan Baba in ta wanke su. Na shiga masai na barbaɗa shi a daɓen, gefen ramin, daidai inda ake ajiye buta. Simintin baƙi ne kuma a jiƙe, ba wanda zai lura, dama ba mai tsayawa kallon ƙasa a irin wurin. Na wanke hannuna, na koma zaure na buɗe littafi. Har aka kira azahar ban juya shafi ba.

Motoci suka tsaya, Baba ma ya dawo daga kasuwa, aka yi ta shiga masai ana fita, ana tsoma butoci. An kusa tada salla sai na ji muryar Idi.

"Alhaji! Zo ka gani. Ruwan ga ya yi kalar sama."

Baba ya zo, ya sa aka kawo farar tasar nan ya ɗiba. A cikin randa ba ya nunawa sosai, amma a farar tasa ba mai musu, shuɗi ne. Yaya bai ko yi tunani ba, ya shigo zaure ya kamo wuyan rigata ya jawo ni gaban jama'a.

"Ga shi nan! Shi ne! Ruwan sadaka ka zuba wa bula, don an ƙi bin takardarka?"

Na faɗa ba a ji ba, sai da na maimaita.

"Ban taɓa randa ba. Kowa ya juya butarshi ya duba gindinta."

Idi ne ya fara juyawa. Shuɗi. Wani direba ya juya tasa, shuɗi. Yaya ya sake ni ya juya tasa, ita ma haka, har da tafin hannunsa. Na ce a masai na zuba, a ƙasa, gefen rami. Ba sai na ƙara komai ba. Daga bakin zanar masai har gindin randa ga zagaye-zagayen shuɗi nan a kan yashi, duk inda aka dire buta. Wani dattijo da ya gama shan ruwa ya juya gefe yana tofarwa. Wani ya ce, "Subhanallahi, ashe abin da muke sha ke nan." Baba ya bi sawun nan da ido tun daga farko har ƙarshe. Ya zubar da ruwan tasar a hankali. Ya sa aka fito da tulunan cikin gida aka sake alwala. Bayan an sallame, mutane sun watse, ya tsaya kusa da ni bai kalle ni ba.

"Da ni ɗai ka gaya ma."

Shafi huɗu! Har da zane! Har yau in na tuna sai in ji kaina ya yi zafi.

Da yammar ranar ya sa aka tone randar, aka kai ta bayan gida aka kife. Kwana uku ƙofar gidanmu ba ruwa, karo na farko tun zamanin kakanmu, kuma duk Magama an san dalili. Idi ne ya zo da shawarar bido, manyan jarkokin nan da ake kawowa daga Nijar, aka sa musu kan famfo, ɗaya na sha ɗaya na alwala, ba inda buta za ta shiga. Sadaka ta ci gaba. Amma ni na biya kuɗinta da abin da ba a saya. Baba bai sake yi mini magana da ta wuce amsa gaisuwa ba har aka yi girbi. Da zan tafi makaranta bai raka ni tasha ba, ya ce yana da baƙi. Iya kuwa ta sha ruwan bido don ba yadda za ta yi, tana cewa warin roba yake, amma ba ta sake kirana maigida ba. Shekara huɗu ta ƙara a duniya, Lawal take ce mini, kamar baƙo. Wannan ya fi komai yi mini ciwo, kuma ban taɓa gaya wa kowa ba sai yanzu.

Ba zan ce muku na yi daidai a komai ba. Da na iya jan Baba gefe in nuna masa sawun butocin shi kaɗai, da na yi. Ban iya ba, kuma ba na jin da zai biyo ni bakin masai don in nuna masa wani abu. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, bayan shekara guda na dawo hutu na tarar da shi tsaye a kan wani direba da ya manna bakin buta a famfo, yana yi masa faɗa.

"Kai, ɗaga ta! Ba ka san akwai ƙwayoyin da ido bai gani ba? Daga masai suke zuwa, su kama ciki da hanji. Yaro ƙarami bai da ruwan da za ya yi ta zubarwa."

Jimlata ce, daga shafi na biyu, kalma da kalma. Ya hango ni, ya ce in shiga ciki an ajiye mini fura. Har ya koma ga Allah bai ƙara a kan haka ba.

Randar tana nan a bayan gidan Magama, a kife. Na taɓa zuwa in duba ko shuɗin yana bakinta, inda butoci suka goga, don in nuna wa baffanku cewa da ni na zuba da a gindi zai kwanta. Ruwan sama ya wanke shi tuntuni. Idi ya koma Maraɗi, Baba da Iya sun rasu, Hadiza kuwa har gobe ba za ta yi maganar 'yar fari a gaban mutane ba. Shaida ɗaya ta rage mini, ita ma ba ta tuna komai. Ita ce Anti Ummi, wadda ta fi kowa ƙyalƙyala dariya ranar Sallar, da goyo a bayanta.